Daga Zance Zuwa Jadawali: Tarihin Tsara Bayanai a Ƙasar Kankiya da Kusada

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ya nemi a kawo masa fayil-fayil na Lardin Katsina, zai lura da takardu iri biyu. Akwai waɗanda aka rubuta su zube, watau zance bi da bi kamar yadda mutum yake magana, akwai kuma waɗanda aka ja wa layuka tsaye da kwance, aka yi wa kowane bayani gurbinsa. A yau ana ta ƙoƙarin juyar da irin waɗannan takardu zuwa sigar da kwamfuta za ta iya karantawa ta rarrabe, kuma mutane da yawa suna ɗaukar wannan aiki sabon abu ne da zamani ya kawo.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa aikin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A ƙasar da ta zama ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada, an riga an mayar da zance jadawali tun farkon ƙarni na 20, kuma a wancan karo an samu riba an kuma yi asara. Za mu bi wannan tarihi mataki-mataki, domin masu aikin yau su san inda magabatansu suka yi tuntuɓe. Abin da yake cikin waɗannan takardu ba ƙarami ba ne: sunayen kakannin mutane ne, da gonakinsu, da iyakokin garuruwansu, waɗanda har gobe ake kai ƙara gaban hakimi da alƙali a kansu.

2.0 Rubutu mai tsari kafin zuwan Turawa

Kuskure ne a zaci cewa rubutun malamanmu na dā ba shi da ƙa'ida don kawai ba a ja masa layuka ba. Bari mu duba nau'i uku.

Na farko shi ne jerin sunayen sarakuna. Jerin sarakunan Katsina, kamar na sauran ƙasashen Hausa, yana bin hanya guda: a ambaci sarki, a faɗi ɗan wane ne, a faɗi shekarun da ya yi a kan gado, wani lokaci a ƙara da abu ɗaya da ya faru a zamaninsa, sannan a wuce ga na gaba. Ashe kowane sarki yana da gurabe uku ko huɗu da ba sa canzawa, ko da yake ba a zana su ba. Kalmar “sannan” ita ce take raba wannan sarki da wancan.

Na biyu shi ne wasiƙar sarauta ta zamanin Daular Sakkwato. Takan fara da sunan Allah da salati, sai “daga wane zuwa ga wane”, sai gaisuwa, sai lafazin da yake nuna an shiga ainihin magana, sai sallama, ga kuma hatimi. Wasiƙun da H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927, waɗanda aka samu a gidan Wazirin Sakkwato, suna bin wannan tsari. Abin lura shi ne yawancin irin waɗannan wasiƙu ba su da kwanan wata, domin jakadan da ya kai takarda shi ne yake cike abin da takarda ta bari.

Na uku shi ne ramzi, watau yadda marubuta waƙa suke ɓoye shekarar da suka gama aiki cikin wata kalma, kowane harafi yana da adadinsa. A nan akwai tarko. Malaman ƙasar Hausa suna bin lissafin Magrib ne, inda harafin shinun yake daidai da 1000, alhali a lissafin Gabas harafin ghain ne yake da wannan adadi. Wanda ya warware ramzi da lissafin da ba shi ba zai kauce wa shekarar da ɗaruruwa.

Abin da waɗannan uku suka nuna shi ne cewa tsarin yana nan, amma rabinsa a takarda yake, rabinsa a kan mai karatu.

3.0 Gunduma, Baitulmali da rajistar haraji

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903, zamanin Sarki Abubakar. Babbar damuwarsu ita ce haraji. Sun tarar da haraji iri-iri: zakkar hatsi, da kuɗin ƙasa, da kuɗin shuka a kan irin su rake da taba, da kuɗin karofi a kan marina, da jangali a kan shanu. Sun kuma tarar cewa garuruwan da suke ƙarƙashin mai sarauta ɗaya a warwatse suke, shi kuwa sau da yawa yana zaune a birni, jakadunsa ne suke kai da kawowa. Irin wannan tsari ba ya shiga jadawali.

Saboda haka, bayan dokokin haraji na 1904 da 1906, aka yi abubuwa uku. Aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, kowace a haɗe wuri ɗaya, aka umarci hakimi ya zauna a gundumarsa. Aka tattara haraji iri-iri aka mai da shi adadi guda da ake biya da kuɗi. Sannan, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau a 1906 ya kuma rasu a 1944, H. R. Palmer ya kafa Baitulmali a Katsina, wanda ya zama abin koyi ga sauran masarautun Arewa. Daga nan hakimi da alƙali da malami suka koma masu albashi, kowane kwabo kuma sai an shigar da shi littafi.

Wannan shi ne karo na farko da aka mayar da mutanen Kankiya, da Rimaye, da Kafin Soli, da Kusada, da Yashe, layi-layi a cikin rajista. Malamin haraji yakan zauna da magajin gari da masu unguwanni, su suna faɗi da baki, shi yana zuba abin da suka faɗa a gurabe: suna, sana'a, yawan mutanen gida, dabbobi, abin da aka yanka masa. A Kano, da wasu sassa na Katsina, an ma gwada tsarin taki, inda malamai suke auna gona da taka ƙafa domin a yanka haraji gwargwadon faɗinta.

Ribar wannan aiki a fili take ga mai nazarin tarihi. Ba domin rajistar haraji da rahotannin kimantawa da jami'an gunduma suka rubuta ba, da ba mu da wata hanya ta sanin adadin maƙera ko masaƙa ko marina a ƙauyukan Katsina shekaru ɗari da suka wuce. Amma an yi asara ta fuska uku, kuma ya kamata mu bayyana su.

Ta farko ta shafi gandu. Rajista tana son mutum ɗaya a layi ɗaya da gonarsa. Amma a ƙauye uba da 'ya'yansa masu aure suna noma gandu tare, kowane ɗa kuma yana da gayaunarsa, ga aro, ga jingina, ga gonar da mace ta gada. Binciken da Polly Hill ta yi a Batagarawa, wanda aka buga a 1972, ya nuna irin sarƙaƙiyar da take cikin wannan al'amari. Gurbi ɗaya mai suna “mai gona” ba zai ɗauki duk wannan ba, don haka sunan mai gida kaɗai yakan shiga, sauran su ɓace.

Ta biyu ta shafi damina. Zakka tana hawa da sauka tare da amfanin gona, domin kaso ce daga abin da aka girbe. Adadin da aka rubuta a rajista kuwa ba ya sanin fari. Ruwa ya ɗauke a 1913, yunwar da ake kira Kakalaba ta biyo baya a 1914, amma jadawali ba shi da gurbin yunwa. Mai karanta shi yau sai dai ya ga adadi ya ragu, ko sunaye sun fita, ba tare da an gaya masa dalili ba.

Ta uku ita ce, tun da kowa ya san ƙidaya haraji take jawowa, mutane sun koyi ɓoye kansu da dabbobinsu. Makiyayi yakan kora shanu zuwa wata gunduma idan lokacin jangali ya gabato. Saboda haka alƙaluman rajista ma'aunin abin da hukuma ta iya gani ne, kuma da wannan sharaɗi ya kamata a karanta su. An ci gaba da karɓar harajin kai har 1979, lokacin da gwamnatin Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ta soke shi a Jihar Kaduna, wadda Katsina take ciki a lokacin.

4.0 Ajami, boko da tafireta

Juyi na biyu da ya faru tare da na farko shi ne na haruffa. Malaman farko na En'e da Larabci da ajami suke aiki. Makarantar Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, wadda aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da ƙa'idojin rubutun Hausa da ya buga a 1912, da Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, su ne suka samar da malaman da suka mai da aikin ofis boko.

Boko na farko bai da haruffa masu ƙugiya. Vischer da ƙamus na Bargery na 1934 sun yi amfani da ɗigo ko waƙafin sama domin rarrabe ɓ da ɗ da ƙ daga b da d da k. Sai a shekarun 1930, ta hannun Hukumar Talifi da ke Zariya ƙarƙashin Dr. R. M. East, haruffa masu ƙugiya suka zauna, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 kuma ta yaɗa su. Amma tafiretar ofis daga Ingila take zuwa, ba ta da waɗannan haruffa. Akawu sai ya buga “kasa”, mai karatu shi zai gane ko ƙasa ake nufi ko kasa. Ya buga “dan”, a gane ɗan wane ne.

Har ila yau, sunayen garuruwa sun shiga takarda ta bakin Bature da kunnensa. Shi ya sa garin nan guda yake da rubutu biyu har yau: a takardun gwamnati Kankia, a rubutun Hausa Kankiya. Ga ɗan'adam wannan ba komai ba ne. Ga na'ura kuwa garuruwa biyu ne, sai an gaya mata.

5.0 Iyakoki masu tafiya

Wani abin da yake wahalar da mai tattara bayanan wannan yanki shi ne yadda aka yi ta sauya masa uwar ɗaki. Masarautar Katsina tana cikin Lardin Kano har 1926, sannan aka mai da ita Lardin Zariya, sai a 1934 ta zama lardi mai zaman kanta. Ma'ana, takardun Kankiya na shekaru talatin na farko ba a rukunin Lardin Katsina kaɗai za a neme su ba, sai an leƙa na Kano da na Zariya da na Sakatariyar Arewa. A 1967 yankin ya shiga Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sake wa suna Jihar Kaduna a 1976, shekarar da aka yi gyaran ƙananan hukumomi. A ranar 23 ga Satumba, 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Kusada kuwa sai a 1996 ta zama ƙaramar hukuma, aka cire ta daga Kankiya.

Sakamakon haka shi ne kalmar “Kankiya” ba ƙasa guda take nufi ba a kowace shekara. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Kankiya mutane sama da 150,000, Kusada kuma kusan 100,000. Wanda ya jera adadin Kankiya na ƙidayar 1991 kusa da na 2006 ba tare da ya tuna da rabuwar 1996 ba, zai kwatanta abubuwa biyu da ba girmansu ɗaya ba, kuma jadawalinsa ba zai yi masa gargaɗi ba. Haka abin yake ga ƙidayar 1952 da ta 1963, waɗanda aka yi bisa gundumomin En'e.

6.0 Zuwan na'ura

Tunanin a tsara bayani yadda na'ura za ta ƙidaya shi ya samo asali ne daga ƙidayar jama'a. A 1890 aka yi amfani da katuna masu huji na Herman Hollerith wajen ƙidayar Amurka, kowane mutum kati ɗaya, kowane gurbi ma'anarsa. A 1963 aka fito da tsarin haruffa na ASCII mai alamu 128, wanda babu ɓ ko ɗ ko ƙ a cikinsa, don haka kwamfutocin farko suka maimaita naƙasar tafireta. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ne ya ba haruffanmu masu ƙugiya lamba tasu. Siffofin fa da ƙaf da nun na rubutun Magrib, waɗanda ajaminmu yake amfani da su, sai a 2016 aka shigar da su.

Hanyoyin da ake bi a yau wajen juyar da rubutu mai tsari iri biyu ne a taƙaice. Ta farko ita ce a zuba shi a jadawali, kowane layi bayani guda, a raba gurabe da waƙafi. Wannan ita ce sigar CSV, kuma sigar JSON 'yar uwarta ce da take ba da damar a saka bayani cikin bayani. Ta biyu ita ce a bar rubutun yadda yake, a yi wa sassansa alama, a ce wannan suna ne, wannan gari ne, wannan shekara ce. Wannan ita ce hanyar XML ta 1998, da ƙa'idojin TEI da masana adabi da tarihi suka fara tsarawa tun 1987. Hanya ta farko ta fi sauƙin lissafi. Hanya ta biyu ta fi kiyaye amana, domin asalin zancen yana nan.

Bari mu ƙago misalin layi guda irin na rajista, mu ga abin da manhaja za ta yi da shi: “Audu Maƙeri, ɗan Tanko, gona 2, 7/6”. Tambayoyi huɗu ne suke tasowa. Shin Maƙeri sunansa ne, ko sana'arsa, ko laƙabin gidansu? Shin Tanko sunan yanka ne, ko kuwa laƙabin namiji da aka haifa bayan mata, wanda zai yiwu a wata rajistar an rubuta shi da sunansa na yanka? Shin gona biyu nasa ne ko na gandu? Sannan 7/6, wanda kowane malamin haraji ya san sule bakwai da sisi ne, manhajar lissafi za ta ɗauke shi ranar 7 ga watan 6, ko kuma bakwai a raba shida. Daidai shi ne a tuna kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, kuma da aka kawo naira ranar 1 ga Janairu, 1973, fam ɗaya ta zama naira 2. Ashe 7/6 kwabo 75 ne na sabon kuɗi, a bisa suna, ba a bisa abin da zai iya saya ba.

Sunayen wurare da sarautu ma haka suke. Kankiya gari ne, kuma sarautar hakiminsa ce. Hakimin Kusada sarautarsa Bebejin Katsina, alhali Bebeji gari ne a ƙasar Kano. Manhajar da aka koya wa sunayen garuruwa za ta ɗauke hakimin ta kai shi Kano. Mazaɓu irin su Kunduru/Gyaza da Tsa/Magam garuruwa biyu ne a suna ɗaya. Shekaru kuwa, shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka shekara 100 ta rana daidai take da kimanin 103 na wata. Shekarar 1218, wadda Shehu Usmanu ya yi hijira a cikinta, ta fara a 1803 ta ƙare a 1804. Wanda ya tara shekarun sarakuna na ƙarni huɗu bai gyara wannan ba zai kauce da shekara 12. Irin wannan tsantseni wajen auna jerin sarakuna da sauran shaidu shi ne Yusufu Bala Usman ya nuna a littafinsa kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981.

Kada a ce wannan damuwar malaman jami'a ce kawai. Tun da aka kafa Hukumar Katin Shaidar Ɗan Ƙasa a 2007, aka kawo lambar tantancewa ta banki a 2014, aka kuma wajabta haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa a ƙarshen 2020, kowane manomi a Gachi ko Mawashi ya gamu da fom mai neman sunan farko, da na tsakiya, da sunan dangi, da ranar haihuwa. Al'adarmu ba ta da sunan dangi irin na Turawa. Wani ya sa sunan uba, wani na kaka, wani na gari. Wanda ya san an haife shi da kaka ne, shekarar kaza, sau da yawa akan rubuta masa 1 ga Janairu. Idan rubutun banki ya saɓa da na katin shaida da harafi ɗaya, tsoho yana iya yin sintiri kafin ya taɓa kuɗinsa. Wannan ita ce matsalar malamin haraji ta dawo da sabuwar riga.

7.0 Shawarwari da kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ba da shawarwari biyar ga duk wanda zai juyar da takardun wannan yanki, ko a Kaduna suke, ko a Gidan Arewa, ko a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, ko a adakar gidan hakimi.

Na ɗaya, a ɗauki hoton takarda, a kwafe rubutunta harafi da harafi, kafin a taɓa jadawali. Kowane layi na jadawali kuma ya nuna fayil da shafin da ya fito. Na biyu, kowane suna a ba shi gurbi biyu, ɗaya yadda aka rubuta shi, ɗaya yadda ya kamata a rubuta shi da ƙugiyarsa. Na uku, kowane gari a ba shi lamba tasa da ba ta canzawa, a kuma rubuta gundumar da yake ciki daga shekara kaza zuwa shekara kaza. Na huɗu, kuɗi da shekaru a bar su a ma'auninsu na asali, a sa juyin a gefe. Na biyar, a tanadi gurbi na shakka da ƙarin bayani, domin kada a tilasta wa mai kwafe ya zaɓi abin da takarda ba ta tabbatar ba.

Bayan waɗannan duka akwai abin da ya fi su gaggawa. Kamar yadda muka faɗa tun farko, rabin tsarin waɗannan takardu a kan mutane yake. Tsofaffin malaman haraji da magatakardan kotu na zamanin En'e, waɗanda suka san abin da kowace alama take nufi, da wane Audu ake nufi a cikin Audu goma na unguwa guda, saura kaɗan suka rage. Muna kira ga sassan tarihi da na Hausa na jami'o'inmu da su tura ɗalibai Kankiya da Kusada, da kwafin rajista a hannu, su zauna da waɗannan dattawa a karanta musu layi-layi, su kuma su yi bayani. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Takarda za ta jira shekara goma, amma su ba mu da tabbacin za su jira.